Gwaiduwa

A bayan Birni, inda duwatsu suka durƙusa
kamar raƙuma sun ƙi tashi,
ɗakina ɗaya, zaurena ɗaya, kejina tara.
Magaram ta ce goma ne, in an lissafa da ni.

Shekara talatin ina gyaran agogo a Kasuwar Dole,
kunnena ya saba da ƙaramin sauti.
Da ido ya fara yi mini gardama
na sayar da hantsaki da madubi,
na karɓo mace da namiji wurin Kalla Tela,
jaka shida, bayan rantsuwa da shayi biyu.

Ƙwai huɗu ta zuba, shuɗi-shuɗi da ɗigo,
kowane bai kai kan ɗan yatsana ba.
Kwana sha uku na hana ƙwallo a tsakar gida,
turmi ma ya yi hijira maƙwabta.
Biyu suka yi baragurbi.
Ɗaya ya faɗo, kiyashi suka riga ni.
Ɗaya ya saura:
ba gashi, ba ido, baki ne kawai a buɗe
kamar mai bin duniya bashi.

Da tsinken ashana na ciyar da shi,
dafaffen ƙwai, garin gero, ɗan riɗi.
Ranar da launinsa ya fito
jikata Ummi ta ce, "Kaka, abin da ya ci ya zama."
Sunan ya bi shi.

Na aro masa malami, tsohon kanarin Kalla,
mai jan murya kamar ana warware zare.
Na rataye su kusa, na lulluɓe ɗalibi da zane,
don kunne ya fi ji in ido na duhu.
Amma zafin bazara ya sa na mayar da kejin
saman famfo, inda ƙasa ke da ɗan sanyi.

Kun san famfon garin nan.
Baƙo ne, ƙarfe ukun dare yake sallama,
in ya ga dama.
Sai ya yi tari, ya yi tari, ya yi feɗuwa,
sannan ɗis,
ɗis,
mu kuma muna tsaye da jarkoki kamar masu jiran albashi.

Lahadin gasa, ƙarƙashin dogon yaro a Zango,
keji ashirin da biyu a jere bisa igiya.
Bra Kiyari na alƙalanci da gwangwani a cinya,
duk jan da ya burge shi ya jefa tsakuwa.
Gwaiduwa ya kumbura wuya, ya ɗauko,
tsakuwa ɗaya, biyu, huɗu,
zuciyata na gudu ta wuce kowane agogo.
Sai ya tsaya.
Ya yi tari. Ya yi tari. Ya yi feɗuwa.
Ɗis. Ɗis.

Wata mata ta leƙo daga ƙofa da bokiti,
"An kawo ne?"
Dariya ta girgiza igiya, har tsuntsaye suka yi shiru.
Bra Kiyari ya juye gwangwani a ƙasa,
ya ce, "Malam Tasi'u, wannan sai ka kai shi ma'aikatar ruwa."

A hanya Kalla ya ce in rabu da shi,
zai ɓata zuri'a, 'ya'yansa su tashi da tari.
Na ce to.
To ɗin da ake ce wa likita.

Daren nan ba ruwa. Na huɗu ke nan.
Da asuba, kafin ladan ya gyara murya,
famfo ya yi tari a tsakar gida.
Magaram ta zabura, ɗankwali a hannu,
ta tara bokiti, ta jira,
ta ɗaga kai.

Na yi lamo bisa tabarma ina jiran faɗa.
Ban ji ba.
Na dai ji ta kankare gindin randa da moɗa,
ta cika masa murfin kwalbarsa
kafin ta yi alwala da abin da ya rage.