Sunan Mijina a Kan Sikeli

Ran Asabar a kasuwar Romans, bakin kogin Isère,
nakan shimfiɗa kara in jera cuku a kai.
Farin nan mai laushi, Saint-Félicien ake ce masa.
Mijina ma Félicien ne, sai dai shi ba waliyyi ba ne:
ya sha giya, ya ci bashi, ya fasa mini tukwane biyu.
Bara da sanyi muka binne shi bayan coci.

Yanzu mace kan tsaya ta ce,
"Odile, Félicien ya nuna kuwa?"
In ce ya nuna, taɓa ki ji.
"Ba ni biyu." In naɗe a takarda,
in miƙa canji, murya ba ta rawa.

Tsoho Marcellin mai gyaran keke,
da an ce "Marcellin uku!" sai ya waiwayo.
Shekara arba'in bai daina ba.
Wai shi kaɗai ake yaba wa in ya yi wari.

Ɗana na Kanada ya raɗa wa 'yarsa Brie.
Na ce suna linzami ne,
kada ka kawo ta rumfar nan, a ce a yanko rabi.

Da yamma guda ɗaya nakan rage.
In ajiye shi gaban kujerar da ba kowa,
in kira sunan sau ɗaya, ba don ciniki ba.
Sai ya narke a faranti,
laushin da mai sunan bai taɓa yi mini ba.