Rami Na Talatin Da Bakwai

Ni ke juya faifan caca a Barnawa,
daga lisha har assalatu.
Ramukansa talatin da bakwai,
in ka ci, talatin da shida za a ƙirga maka.
Ɗayan fa?
Koren nan, sifili,
shi ne kadan da ke kwance a gindin gada.

Jatau ya shigo da kuɗin sallamar masaƙa,
ya ci sau uku, ya miƙo mini tukuici,
wai yau tauraronsa ya fito.
Ban tanka ba.
Mai gidan nan ba ya neman sa'a,
barcinsa yake, lissafi na yi masa noma.
Tulu mai yoyo ba ya ƙara,
sai dai a wayi gari wayam.

Da asuba na mayar wa Jatau tukuicinsa,
ya biya kuɗin keke zuwa Makera.