Kacala

Shekara talatin ina buɗe wa ruwa hanya.
In magudana ta toshe a fadamar Auyo
ni ake kira: "Ilu, taho da laujenka."
In shiga har gwiwa, in sare kacala,
ruwa ya wuce, shinkafa ta sha, a yi mini sannu.
Yau ga ni tsugune a bayan danga,
buta a gefe, dare ya raba,
ina roƙon ɗigo ɗaya.

Ran Talata aka cire robar.
Zubairu nas ya ce, "Baba, ja numfashi,"
ya ce in sha ruwa, in zaga, in gwada.
Na gwada, ya zo, siriri kamar tsinken tsintsiya,
amma ya zo.
A hanyar gida har tsire na saya a Haɗeja.

Kwana uku lafiya.
A na huɗu mara ta ɗaure tamau, fatar ganga,
gumi na keto mini, ƙafa na rawa.
Tambaya ta ɗumama ruwa, ta gasa mini da tsumma,
ta tsiyaya buta a cikin kwano kusa da kunnena,
wai ko zai ji 'yan'uwansa na tafiya ya bi su.
Matar da ba ta taɓa kama sunana ba,
ita ce riƙe da tocila, ta kau da kai.

Barau ya ce saiwar gwanda.
Ƙanwata ta ce hannu ne aka sa mini.
Na sha na sha, na turara na turarawa.
Likita ya zana mini a bayan kati:
wani nama ne ya kumbura a bakin mafitsara.
Na duba zanen, na ce, ai na san shi,
mun daɗe muna faɗa a cikin ruwa.
Ka sare ta bana, baɗi ta tofo.

Karo na farko na daure har asuba
don kada a ce dattijo ya yi raki.
Yanzu na bar wannan jarumtar.
Ya tsaya? Sai in buga ƙyauren jikana:
"Sabi'u, tada babur."
Kowane rami a hanyar nan na san shi da marata.

Da robar ta koma, jaka ta soma cika,
na ji duniya ta sauka daga kaina.
Ban san ina kuka ba sai da Zubairu ya miƙo hankici.

Ina ɗaure jakar a cinya, ƙarƙashin riga.
Na tambayi liman a keɓe, murya ƙasa-ƙasa,
ya ce, "Yi alwalarka, Wanda ya ɗora maka ya sani."
Duk da haka ƙarshen sahu nake tsayawa, wajen ƙofa.

Jiya jakin Barau ya tsaya tsakiyar hanya,
ya buɗe ƙafa, ya sake shi shaa, ko a jikinsa.
Na tsaya ina kallo.
Ban taɓa hassadar mai kuɗi ba,
sai ga ni ina hassadar jaki.
Na yi dariya har robar ta ja ni.

Sun ce in ƙwaya ta gaza sai aiki a Kano.
Na kalli bijimin, shi ma ya kalle ni.
Mu bari a yanke shinkafa tukuna.

Alhamis za a sake cirewa.
Na rage shayin dare, na haɗiyi ƙwayata,
na ce wa Sabi'u kada ya kwana tanki babu mai.
Addu'ar fita bayi, da can da baki nake yinta,
ina gyara wando, hankali na gona.
In Alhamis ta yi kyau,
zan tsaya a bakin danga
in faɗe ta sannu a hankali.