Kujera Ta Shida

A gidanmu na kan tudu a Rize,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
inda gonar shayi ta gangaro har bakin taga,
teburin cin abinci yana da kujeru shida.
Ɗaya ta baƙo ce, huɗu muna zama.

Ta ƙarshen ta Doruk ce.
Taɓa ta yake yi kamar mai gwada zafin tukunya,
ya miƙe da burodi a baki,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan sai Allah,
yana ba ni labarin jirgin ruwa
wanda kafin ya kai gaɓa ya zama labarin kyanwa.

Kofunan shayinmu masu siririn ƙugu
dozin ne ranar auren Inna.
Saura uku, ɗaya da tsaga.

Kaka Hacer ta ce rashin kwaɓa ne,
icce tun yana ɗanye...
Ba ta ƙarasa ba, Inna ta buɗe famfo da ƙarfi.
Baba ya ce shi ma haka ya tashi, ga shi ya zama mutum,
yana faɗa yana laluben aljihu,
makullin motar kuwa na hannunsa.

Da dare ina jin su ta bango,
suna rage murya kamar masu rage wutar risho.
Kai kake sake masa.
Ke kike matsa masa.
Sunansa na kai-komo tsakaninsu har sha biyu.
Nawa bai taɓa tashin kowa daga barci ba.

Ni ce Nergis, wadda ba ta da matsala.
Na ci lissafi ɗari bisa ɗari,
na manna takardar a jikin firij.
Washegari wasiƙar ƙorafin malamin Doruk ta hau kanta,
maganaɗisu ɗaya ya riƙe mu duka.

Likitar Trabzon ta ba abin suna mai harafi huɗu.
Ta ce ba taurin kai ba ne,
kansa kasuwa ce mai ƙofa goma,
duk a buɗe, ba mai gadi.
Inna ta yi kuka a mota.
Ban san ko sauƙi ta ji ba,
ko marin ranar Talata ta tuna.
Baba bai ce uffan ba,
sau biyu yana wuce kwanar gidanmu.

Yanzu akwai ƙwaya da safe,
akwai jadawali a bango mai taurarin takarda.
Wata rana abin ya yi, wata rana ko oho.
Kaka ta daina karin maganar,
amma tana ɓoye kofinta a ɗaki.

Ranar da ya zubar da tawada a littafin zanena
na ce masa da ma ba a haife ka ba.
Ya tsaya cak.
Karon farko da na ga ya tsaya,
ban kuwa ji daɗin gani ba.

Can tsakar dare ya turo ƙofata.
Ya ce, Yaya, na ce wa ƙafata ta bari,
na ce mata sau da yawa.
Ku yaya kuke yi taku take ji?
Ba ni da amsa. Na matsa masa a gado.
Ya yi ta shure-shure har asuba,
ya kwashe bargon duka.

Da safe na tarar da takardar lissafina
manne a ƙofar falo da salatif rabin nadi,
a karkace, kusurwa ɗaya ta yage.
Wata uku tana ƙarƙashin wasiƙar.
Cikin mu duka,
mai kallon ko'ina ne ya gan ta.

Na juya in yi magana,
ya riga ya kai gangaren gona,
yana bin wani abu, ƙila malam-buɗe-littafi,
Inna na kira da takalminsa ɗaya a hannu.