Ba Rama Ba Ce

Ni na shuka rama da hannuna,
layi uku a gefen gero,
bayan tsamiya, gabas da Roni,
inda ruwa ke kwana a fadama.

Sallau ya ce, "Inna, ki huta,
ni zan cire miki ciyawa."
Na sa masa albarka har sau uku,
na ce yaro ya soma girma.

Wani ganye mai yatsu, kamar tafin hannu,
na gan shi tsaye a tsakiyar layi.
Ya fi su kore, ya fi su wari.
Ban tambaya ba. Wa ke tuhumar rama?

Da na gane, bai ko musa ba.
Wai wiwi ce ke ba shi ƙarfi,
kunya arba'in kafin azahar,
wai 'yan ƙwadago da ita suke noma.

Wai a wata ƙasa likita da kansa
ke rubuta ta ga mai jinya.
Na ce, "Can ka ce. Nan Jigawa ce.
Kai da wace cuta kake fama?"

Ido ya koma garwashi,
leɓe baƙi, tari tun asuba.
Tuwon mutum uku ya share shi kaɗai,
ya yi ta hira da bango har yamma.
Ran nan ya ce akuyata na kai ƙararsa,
ya ɗaure mata baki da tsumma.

Talata da hantsi, mota biyu,
'yan hana ƙwaya har bakin gona.
Suka tuge, suka tara, suka cinna wuta,
ba su ware tawa ba, duka suka gama.

"Gonar wa?" Mai unguwa ya dube ni.
Ƙafata ta ƙi ɗauka ta.
Sallau ya ce, "Ita rama ta sani,
sauran nawa ne. Ni za ku kama."

Alƙali ya ce doka ba ta san ƙwadago ba,
shuka laifi, sha laifi.
Amma da ya ji shi yana amsa wa iska,
sai ya ce a Kazaure, asibiti, zai fara zama.

Jiya na kai masa kwaɗo a kwano.
Ya daɗe yana juya ganyen da yatsa.
"Inna, wannan fa?"
Na ce, "Ci, a kasuwa na saya.
Bana kuɓewa na shuka a fadama."