Maigadin Ciyawa

Kudu da Maiwurno, inda Nilu ke yin gwiwa,
nan ubana Jatau ya tuge ƙaya da hannunsa,
ya shuka dawa, ya shuka riɗi,
ya ce ƙasa ba ta cin amanar mai gumi.
Yau ni ke gadin wurin, da tocila da usur.

Shekarar da gwamnati ta ce ta gaji da noma,
ta rufe injin gurzar auduga, ta sayar da ƙarafansa,
sai ga baƙi da farar mota da taswira.
Sun sha shayinmu, sun yaba.
Haya ce, in ji su, shekara casa'in da tara.
Na ƙirga a yatsu har yatsu suka ƙare.

Ba zan yi musu ƙarya ba, gobe akwai hisabi.
Sun ja wuta har masallaci.
Kande ta haihu a asibitinsu, fanka na kaɗawa.
Ɗana Barau na tuƙa tarakta,
ya iya kalma bakwai ta yarensu,
shida na umarni, ɗaya ta ban haƙuri.
Albashi na zuwa ran ashirin da takwas,
ko sama ta zubar ko ta ƙi.

Amma ciyawa suke nomawa.
Ciyawa, jama'a!
Wani dogon ƙarfe mai ƙafafun taya
na kewaya gona kamar raƙumin matsar riɗi,
yana fesa kogi kan ganyen da ba a miya da shi.
A yanke, a ɗaure, a loda.
Kwalta ta miƙe sak zuwa bakin teku,
ko taku ɗaya ba ta ratso kasuwarmu ba.
Shanun ƙetare su ci su ƙoshi,
madararsu ta dawo mana a gwangwani,
Kande ta ji kuɗin, ta ajiye, ta fito.

Rijiyar unguwa ta ƙara gaba uku.
Akuyata ta zura baki ta waya,
aka yanke mini ladan kwana biyu.

Manaja mutumin kirki ne, yana gaishe ni da suna.
Ya ce shi ma ɗan aike ne.
To wa ke da gonar?
Masu hannun jari.
Ina gidansu, in an yi musu rasuwa mu je gaisuwa?
Ya yi dariya, ya ba ni ruwan gora.

Akwai wani lungu bayan ɗakin gadi
inda bututu ke yoyo, ba wanda ya lura.
Na zuba irin Jatau, cikin tafi ɗaya.
Kara tara suka tsaya, ɗaya ya fara kai.

Da dare in na zaga da tocila,
nan nake fara haskawa.