Ƙofa a Wutsiya

A Shika, likita Barmani ta matsa min kujera:
"Sa idonka nan. Ba su yi kaɗan ba."
Na leƙa. Ga su fal,
kamar talibambam a Kubanni bayan ruwan fari.

To, ina gizo ke saƙar?

Ta ce a wutsiyar kowanne akwai ƙofa,
ƙanƙanuwa, ko wannan gilashin bai ganinta.
In ya isa can ciki, inda kanwa ke kashe tsami,
sai ta buɗe, kalsiyam ya kwararo,
wutsiya ta zama bulala,
ya huda ganuwar ƙwai.
"Naka ƙofarsu a garƙame take.
Iyo suke yi cikin ladabi
har su gaji."

Cikin ladabi! Saura kaɗan in yi dariya.

Shekara tara Kubura na shan jiƙo da sassaƙe,
a gidan suna a kalli cikinta kafin a gaishe ta,
ni kuwa ina zaure ina karya hula.

Samaru, Kwangila, Tudun Wada,
ban san na wuce su ba.
A Ƙofar Doka na kashe babur,
ina kallon mai rake, akuya, 'yan makaranta,
kowa na shigewa ko a jikinsa.

Likita ta ce akwai allura
mai ɗaukar guda ta tsallakar da shi katanga.
Kuɗi ne, za a nema.

Amma Kubura ta ajiye tuwo,
ta ce, "Me suka ce?"
Ga wata ƙofar nan,
tsakanin haƙorana.